Wuyan Jitar Modu

Ranar kasuwar da ta wuce wasu samari biyu suka yi sallama a zaurena da jita a hannu. Ɗayan ya ce, "Iya Zulai, an ce ke ce mai sabunta fatar jita." Na ce ba a yi musu ƙarya ba. Na karɓa na shafa, sai na ji tafin hannuna yana kamawa kamar na taɓa alewar da rana ta buga. Na kai hanci. Fentin gwangwani ne, irin wanda ake fesa wa babur. Ya zubo ya daskare layi-layi, har da ƙafafun sauro a ciki. Na ce wa ya yi wannan aika-aikar? Suka kalli juna. Mai dogon wuyan ya ce, "A waya muka gani, Iya. Mutumin ko minti goma bai yi ba ya gama." Na ce to su miƙa wa wayar ta gyara musu.

Ban kore su ba, na karɓi aikin. Amma tunda ku 'yan yanzu kuna ganin abin shafa mai ne kawai, ku zauna ku ji. Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, amma na fi shekara hamsin ina sa wa itace riga, kuma duk ƙasar Haɗeja babu wanda zai gaya mini yadda ake yi. Har da ita. Za ku ji ko wace ce ita.

Babanmu masassaƙi ne a bakin kogi. Kwale-kwale, turmi, akushi, ƙoƙon garaya, duk yana yi. Allah bai raya masa ɗa namiji ba, sai mu biyu, ni da ƙanwata Hansai wadda na ba wa shekara huɗu. In ya gama sassaƙa sai ya turo mana mu goge. Shekara uku ina goge akushi kafin ya bar ni in taɓa wuyan garaya. Lokacin ba mu san sanfefa, takardar goge katako, ba. Buntun shinkafa muke ƙonawa, mu tankaɗe tokar da tsohon ɗankwali har sau uku, mu ɗiga man gyaɗa, mu murza da tsumma. In na kawo masa aiki ba ya kallo. Sai ya runtse ido ya goga a kuncinsa. In ya ji kaushi ko kaɗan ya miƙo mini, in koma. Hansai kuwa shekara ɗaya ta yi aka ba ta garaya. Ina faɗa ne don ku san yadda aka soma.

Jita ta farko da na taɓa riƙewa ta Modu ce. Modu Babarbare ne, ɗan unguwarmu, yana kai-komo da bandar kifi tsakanin Baga da nan. Wata shekara ya dawo da abu a buhu, aka ɗauka wani babban kifi ne, ashe jita ce ya samo wurin wani mutumin Nijar. Aka yi ta yi masa dariya, wai ya sayo garayar Nasara mai tsirkiya shida. Kafin damina biyu masu dariyar su ne ke layin gayyatarsa biki. Sai dai jitar ta sha wuya kafin ta zo hannunsa. Rigarta ta tsage kamar fadamar da ruwa ya janye ya bari, wani wurin ta ɓare har farin itace ya fito. Mu a gidanmu wannan shafin mai sheƙi da ke rufe itace shi muke kira riga. Modu ya kawo wa Baba, Baba ya juya ta ya juya ta, ya ce wannan aikin mata ne, ya turo mana.

Muka yi wauta. Muka jiƙa ƙaro mai kyau, ɗan Birniwa, muka tace muka shafa. Ya bushe ya yi ƙyalli kamar ruwan randa, muka yi ta murna. Modu ya je biki da ita, gumi ya sauko, ƙaron ya narke, jita ta manne masa a riga. Ya dawo da gashin hannunsa a jikinta. Ranar ya zage mu da Barbarci, ba mu ji ba, amma mun gane.

Ni ce na tashi na je wurin wani tsohon kafinta, mutumin kudu, da ke yi wa ma'aikata kujeru. Ni, ba Hansai ba. Na yi sintiri wajensa har ya gaji da ganina, sannan ya nuna mini shalak. Wani abu ne ja-ja mai kama da ɓawon kifi, ana jiƙa shi a sifirit ya kwana biyu ya narke. Ya nuna mini yadda ake ɗaure auduga a cikin farin ƙyalle a yi ɗan ƙulli kamar na goro, a tsoma, a matse, a ɗiga man gyaɗa ɗigo ɗaya tak a bakinsa don ya riƙa zamewa. Sai a bi itacen da zagaye-zagaye, hannu ba ya tsayawa. In kika tsaya ko na ƙiftawar ido, ƙullin ya kama, ya ɗebe duk abin da kika shafa jiya. Shafi ɗaya ba ya kai kaurin fatar albasa. A bar shi ya bushe, a goge da toka, a sake. Jitar da ta ci sunanta tana shan shafi goma sha huɗu. Wannan shi ne abin da wayarku ta yi a minti goma.

Wani abin kuma kafintan bai sani ba, mu muka gano shi, don shi ba a bakin kogi ya koyi aiki ba. Nan garin, shafi ɗanye kiran ƙwari ne. Ki shafa ki juya baya, kafin ki dawo sauro da 'yan ƙananan ƙudajen fadama sun sauka sun mutu a kai. Sai muka koma shanya jita a cikin gidan sauro, a rataye ta da igiya a tsakiya kamar jaririya. Maƙwabta suka riƙa cewa 'ya'yan masassaƙi sun haukace, su suna kwana sauro na cinsu, katako na kwana a net. Haka kuma ba a shafi in hadari ya haɗo, ko da sassafe lokacin da raɓa ba ta tashi ba. Laima in ta shiga ƙarƙashin riga sai ta yi fari fat kamar idon dafaffen kifi.

Ga yadda muka raba aikin, ku saurara da kyau don nan maganar take. Ni ke kankare tsohuwar riga da ɓallin gilashi. Ni ke cike tsaga da garin itace. Ni ke yin shafi na ɗaya har na goma sha uku, kwana da kwanaki, har kafaɗata ta riƙa ƙara. Hansai ita ke haɗa launi. Takan jiƙa karan dafi a sifirit don ja, kurkum don rawaya, ta riƙa ɗigawa tana gwadawa a bayan cokali har sabon wuri ya saje da tsohon. Idonta a wannan kam, to, Allah ya ba ta, ba zan hana ba. Amma launi aikin rabin yini ne. Sai kuma shafin ƙarshe, shi ma ita, wai hannunta ya fi sauƙi. In mai kaya ya zo karɓa, ni ina ciki hannuwa duk shalak, ita ke fita zaure da jita tana walƙiya. Ta zauna ta tambayi matarsa, ta tambayi gonarsa, ta tambayi ciwon ƙafar uwarsa. Ni ban ga amfanin wannan ba. Mutum ya kawo itace, a gyara masa itace.

Masu kawo aiki ba su taɓa yawa ba, amma ba su yanke ba. Akwai masu kiɗan coci na unguwar baƙi, su jitarsu a baya take cinyewa saboda ƙarfen bel ɗin wando. Akwai malaman makaranta masu ajiye jita a kan kabad shekara biyar, rana ta taga ta ƙone gefe ɗaya. Akwai wani soja da ya kawo tasa ya ce a mayar da ita kore, na ce ya kai wa mai fentin ƙofa. Daga Jahun ake aiko mana, daga Kaugama, har daga tsallaken iyaka direbobi ke kawowa a naɗe cikin bargo. Tsakanin haka muna yin garaya da molo da akushin amare. Muka yi aure duk a unguwa ɗaya, muka haihu, Baba ya rasu, mijina ya rasu na dawo gidan nan, aikin bai tsaya ba. Kullum da hantsi Hansai za ta shigo da mayafinta.

Modu kuwa duk bayan shekara biyu zai kawo tasa. Ita dai wannan jitar, bai taɓa canzawa ba. Hansai ke karɓa, ta shigo ta ce mini, "Yaya, ƙirji da baya kawai, kar ki taɓa wuyan." Wuyan kuwa abin kunya ne. Bayansa ya cinye, babban yatsan Modu ya haƙa ramuka huɗu a jere, baƙi ƙirin da gumi da datti. Nakan ce wannan ƙazanta fa? Ta ce haka yake so. Sai in ƙyale, amma raina ba ya so, don duk wanda ya ga wuyan nan zai ce aikin gidanmu rabi ne.

Sai ga waƙa. Wata rana ina wanki a tsakar gida na ji matan maƙwabta suna daka suna rera wani abu, ina jin sunan Hansai yana faɗowa tare da taɓarya. Na ɗaga murya na ce me ya sami Hansai? Suka ce au, Iya ba ki ji ba? Modu ne ya yi sabuwar waƙa a bikin Kaugama, ya gode wa masu kwale-kwale, ya gode wa masu banda, sai ya ce:

"Jitata ta tsufa ta koma yarinya,
Hansai 'yar masassaƙi ce ta yi mata wanka."

Na tambaya, daga nan sai me ya ce? Suka ce daga nan sai ya wuce kan masu shinkafa. Na ce ku sake rerawa daga farko. Suka sake. Babu ni.

Ku da kuke da waya ba za ku gane ba. A lokacinmu in makaɗi ya sa sunanki a waƙa, kin shiga inda ko ruwa ba ya fitar da ke. Ana daka da ke, ana tuƙa jirgi da ke, ana yi wa yaro rawa da ke. Shekara goma sha ɗaya ina jin waƙar nan. Mutum zai yi sallama a zaurena, gidan ubana, ina tsaye a gabansa da ƙulli a hannu, ya ce, "Nan ne gidan Hansai mai wankan jita?" Nakan ce nan ne, ta fita, sai mai aikinta. Hansai ta ce in daina, ba ita ta roƙi Modu ba. Na ce wa ya ce kin roƙa? Ni ina ruwana da waƙa. Amma na ƙudurta a raina, ko ba daɗe ko ba jima sai Modu ya buɗe baki ya ce Zulai a gaban jama'a.

Sai shekarar da ruwa ya ci gari. Ba zan tsaya ba ku labarin ambaliya ba, iyayenku sun gani. Abin da ya shafi sana'a zan faɗa. Shalak ɗina da ke cikin tulu ya sha laima ya dunƙule ya zama dutse. Gidan sauron shanya muka ba wa masu jego da suka taru a makaranta. Wata uku iska ba ta bushe ba, ko na shafa fari yake yi. Babu biki, babu kiɗa, wa zai tuna da jita alhali shinkafarsa na ƙarƙashin ruwa? Na koma goge turmi da muciya don a ba ni abin miya. Ɗakin Hansai ya faɗi, 'yarta ta zo ta tafi da ita Birniwa ta zauna can.

Ruwa ya janye, iska ta soma bushewa, sai ga Falmata matar Modu da abu a buhu. Ta ce ina Hansai? Na ce tana Birniwa. Ta ce ko za a aika mata? Na ce za a aika. Ta buɗe buhun. Jitar ta kwana biyu a ruwa kafin a tsamo ta. Allah ya taimaka itacen bai rabu ba, amma rigar ta mutu gaba ɗaya, fari fat, tana tashi kamar saɓar maciji. Falmata ta ce masu noman rani sun riga sun gaya wa Modu, in Allah ya nuna musu girbi shi zai yi musu kiɗa, don a wanke baƙin cikin shekara. Na ce ta je, za ta ga aiki.

Ban aika Birniwa ba. Motar Birniwa kullum tana tashi, direban ma ɗan ƙawata ne. Ban aika ba.

Aikin da na yi wa jitar nan ban taɓa yin irinsa ba, ban kuma sake ba. Na sa aka kawo mini sabon shalak daga Kano. Na shanya ta a inuwa kwana goma sha biyu har ta daina nauyin ruwa. Na kankare ta tas da gilashi, ban bar ko ɗigon tsohuwar riga ba. Launi na haɗa da kaina, na zubar sau biyar, na shida ya fito kamar zumar da aka ɗaga wa rana. Sai na zo kan wuya. Na daɗe ina kallon ramukan nan huɗu. Na ce yau dai babu mai ce mini kar ki taɓa. Na wanke dattin da sifirit, na kwaɓa garin maɗaci na cike su ɗaya bayan ɗaya, na goge har ya zama ko da farce ba za ki gane inda suke ba. Shafi ashirin na yi mata, har wuyan. Da na fito da ita daga gidan sauro na ga fuskata a bayanta, har da gibin haƙorina. Matan unguwa suka riƙa shigowa kallo. Wata ta ce, "Iya, ashe ke ce mai aikin." Na ce yau kika sani?

Ranar karɓa Modu ya zo da kansa. Na ji sallamarsa na fita zaure, karo na farko ni ce mai miƙawa. Sai na ga Falmata na riƙe da gefen rigarsa, shi kuma da sanda. Na ɗauka ƙafa ce. Ya zauna ya yi gaisuwarsu ta Barebari ya ce, "Wushe, wushe, Hansai." Na ce, "Zulai ce." Ya ce, "Af, Yaya Zulai, a gafarce ni. Ina ƙanwar tawa?" Na ce ba ta dawo ba, ni na yi aikin ni kaɗai. Na ɗora masa jitar a cinya, na ja baya ina jiran ya ɗaga ta ya duba.

Bai ɗaga ba. Fuskarsa na kallon bango. Ya shafa ƙirjinta ya ce, "Masha Allah." Ya ɗaure tsirkiya, ya daidaita da kunne. Sai ya kai hannun hagu wuya. Na ga babban yatsansa yana hawa yana sauka, yana hawa yana sauka, kamar mai laluben ƙofa. Ya buga, sauti ya fito a karkace. Ya matsa ya sake, ya wuce wurin. Hannunsa ya yi gumi, sabon shafin ya riƙa kama shi yana ƙara ƙiiƙ. Ya gwada waƙar da ya fi shekara talatin yana yi, ta ƙi.

Ya ce, "Wannan ba tawa ba ce."

Na ce, "Taka ce, Malam Modu. Sabunta ta na yi."

"Ina wuraren?"

"Waɗanne wurare?"

"Wuraren yatsana. Huɗu ne."

Na ce na cike su, ai lalacewa ce. Falmata ta ce, "Iya Zulai, shekara uku ke nan ba ya gani. Da ramukan nan yake sanin inda hannunsa yake. Hansai ba ta gaya miki ba?" Modu ya ce, "Ƙarafan da ke jere a gaban wuyan duk ɗaya suke a yatsa, Yaya. Ramukan baya su ne idona." Ya miƙo mini jitar da hannu biyu, a hankali, yadda ake mayar da kayan aro. Ya ce, "Ta yi kyau, na ji a hannuna ta yi kyau. A ba wa mai ido." Suka tashi suka tafi. Girbi saura kwana tara.

Ranar na aika Birniwa.

Hansai ta sauka washegari da azahar, ko mayafi ba ta cire ba ta ɗauki jitar. Ta juya ta a hasken ƙofa, ta daɗe a kan launin. Ta ce, "Wa ya haɗa miki?" Na ce ni. Ta ce, "Kurkum ya ɗan yi yawa." Ƙarya take yi. Sai ta juya wuyan ta ce, "Innalillahi. Yaya, sau nawa na ce miki kar ki taɓa?"

Na ce, "Kin ce kar in taɓa, ba ki ce mutumin ya makance ba."

"Shi ya ce kar a faɗa, kada masu biki su daina kiransa. Kuma kafin idon ma haka yake so. Ke da kin taɓa fitowa kin gaishe shi ai da kin gani da kanki."

"Ina zan fito, ina ciki ina yi miki aikin da za a yi miki waƙa?"

Ta ce, "Au, har yanzu waƙar ce?"

Na ce ni ban ambaci waƙa ba. Ta ce yanzun nan na ambata. Muka yi ta yi har maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce tsofaffi biyu ku ji kunya. Sannan Hansai ta zauna ta ce, to yanzu ya za a yi? Na ce tono ramukan ba wuya, amma na goge su da kyau har ni kaina ban san daidai inda suke ba, kuma in aka kauce ko da faɗin ƙwayar shinkafa an ƙara ɓatar da shi. Ta ce a kira shi.

Ga yadda muka yi, kuma wannan ba za ku same shi a waya ba. Modu ya zauna a tabarma da jita. Hansai ta shafa masa alli a babban yatsa. Ita ta san waƙoƙinsa duka, sai ta riƙa rerawa a hankali, shi kuma yana lalube yana bugawa har sautin ya haɗu da muryarta. In ya haɗu sai ta ce, "Tsaya nan!" Ya danna yatsa, alli ya bar shaida. A goge, a sake da wata waƙar, a ga ko shaidar za ta faɗa wuri ɗaya. Sai ta faɗa sau uku sannan a miƙo mini. Ni kuma in ɗauki ɓallin gilashi in kankare shafina ashirin da hannuna, in shiga itace kaɗan-kaɗan, in miƙa masa ya taɓa. Ya ce, "Ƙara zurfi." In ƙara. "Ta wajen sama ya fi faɗi." In faɗaɗa. Rami ɗaya yini ɗaya. Na uku ya fi ba mu wuya, don ashe ba zagaye ba ne, jan yatsa ne, sai da ya kama hannuna ya nuna mini yadda yake zamewa. Da muka gama huɗun na bi duk bayan wuyan da toka ba mai, na kashe ƙyallin gaba ɗaya don hannu ya daina kamawa. Wuyan ya koma fari-fari, dishi-dishi, da tabo huɗu. Aikin kwana arba'in na ɓata a kwana biyar, kuma ɓatawar ta fi gyaran wuya.

A rana ta biyar ya ɗauka ya buga, hannun ya tafi da kansa. Ya yi waƙa guda har ƙarshe bai kauce ba. Falmata ta sa mayafi a fuska. Ya ce, "Yaya Zulai, hannunki da nauyi amma yana jin magana." Na ce na gode. Ya ce, "Ki zo wurin girbi." Na ce in na samu sarari.

Na je. Na sa atamfata ta Salla, na zauna gaba cikin mata, Hansai a gefena. An tara dami, an share fili a bakin fadama, jama'a har kan bishiya. Aka kawo Modu aka zaunar, rana na dukan ƙirjin jitar har mutane na kare ido. Na ji wani a baya yana cewa sabuwa ya saya. Ya yi ta masu kwale-kwale, ya yi ta masu banda. Sai na ji kiɗan ya juyo inda na sani. Na gyara zama. Ya ce:

"Jitata ta tsufa ta koma yarinya,
Hansai 'yar masassaƙi ce ta yi mata wanka.
Ruwa ya ɗauke mini hanya na ɓace,
Yayar Hansai ce ta haƙa mini sabuwa."

Mata suka rangaɗa guɗa, aka riƙa juyowa ana kallona. Hansai ta dafa gwiwata tana dariya har da hawaye, ta ce, "To Yaya, Alhamdulillahi, ga shi an sa ki."

Na ce, "An sa wa?"

Ta ce, "Ke mana. Ina da wata yayar ne?"

Na ce ta ƙirga. Da sau ɗaya ake kiran sunanta a waƙar. Na yi kwana arba'in ina shafi, na yi kwana biyar ina kankarewa, na yanke yatsa biyu da gilashi, yanzu ana kiranta sau biyu.